Mutum Ukun Da Suka Ƙi Sa Hannu

Harun ya zo Alƙahira ne don karatun fiƙihu, sai ga shi ya ɓige da rubuta kundin digiri na biyu a kan yadda Amurkawa suka kafa ƙasarsu. Abokansa na unguwar Ainu Shams sun yi masa dariya har sun gaji. Habu, abokin ɗakinsa, kan ce, "Kowa ya zo Masar neman Malikiyya, kai ka zo neman Filadalfiya." Yanzu Habun ya gama ya koma Gusau, sauran ma sun watse, ɗaki ya rage daga Harun sai fanka sai tulin takardu. Har yau yakan manta ya haɗa shayi kofi biyu, ya sha ɗaya, ɗayan ya huce.

Abu ɗaya ya rage masa, sa hannun Daktora Eman, malamar da ke duba aikinsa a wata cibiya a unguwar Dokki. In ta sa hannu kafin ƙarshen wata, zai kare kundinsa a wannan zangon ya koma gida. A gida akwai 'yarsa Humaira, wadda aka haifa bayan tahowarsa. Shekararta uku, ba ta san ubanta ba sai a gilashin waya.

Babi na huɗu shi ne abin ƙaunarsa. A 1787 wakilan jihohi suka kulle kansu a wani zaure a birnin Filadalfiya wajen wata huɗu suna gardama, har suka fito da tsarin mulki. Ranar sa hannu, mutum uku da ke zauren suka ƙi. Ɗayansu cewa ya yi takardar ba ta zayyana haƙƙoƙin mutane ba. Harun ya shekara yana bin maganganun ukun nan. Mutumin da ke cin abinci shi kaɗai ba ya wahalar gane wanda kowa ya miƙe ya bari a zaune.

Wata Laraba a aji, Daktora tana sauri tana tattara takardu, ta ce duk waɗanda ke zauren sun sa hannu. Harun ya san ba haka ba ne. Shi kuwa a zauren mahaifinsa ya tashi, inda ɗalibi ba ya cewa malam ya yi kuskure. Abin da yake yi shi ne ya sunkuyar da kai ya mayar da gyaran tambaya. Malam na ji ya gane, ya je ya duba littafi, gobe ya gyara da bakinsa, mutuncin kowa ya tsira.

Haka Harun ya yi. "Daktora, ko duka ne?"

"Duka, ya Harun. Yalla, mu tafi, sai mako mai zuwa."

Ya jira mako uku ta dawo ta gyara, ba ta ko tuna ba. Ina za ta san an miƙa mata gyara a naɗe? Shi kuma bawan Allah ya ɗauka ta duba ne ta tsaya a kan bakanta. Miƙa mata babin da ke ƙaryata ta kuwa, a wurinsa daidai yake da tsallake ƙafar malam a zaure. Sai ya zare babin ɗungurungum, ya ɗinke na uku da na biyar, ya kai mata.

Ranar da ta kira shi, ya shiga jirgin ƙasa na metro tun da hantsi, a tsaye har Dokki. Ya same ta da kundin a buɗe.

"Ina babin mutum ukun?"

"Na cire shi, Daktora."

"Saboda me? Don shi na karɓe ka."

Ya dubi ƙasa. "Daktora ta ce duka sun sa hannu."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Ni na faɗi haka? To, na yi kuskure. Me ya hana ka gaya mini?"

"Na tambaya."

"Ka tambaya, na amsa, ka yarda? Shekara guda kana karanta mutanen da suka ce a'a a gaban manyan ƙasarsu, ni ɗaya ka kasa ce wa a'a?"

Ba faɗa take yi ba, da ma faɗan ne da ya fi masa sauƙi. Ta ce mayar da babin aikin kwana biyu ne, ba shi ne damuwarta ba. Damuwarta ita ce ranar kare kundi, malamai uku za su ja da shi da gangan, shi kuma zai sunkuyar da kai ya ce haka ne. "Ma'alish, yi haƙuri, ya Harun. Ba zan tura ka su kayar da kai ba. Sai zango mai zuwa." Wata shida ke nan.

Ya fito cikin rana, ya rasa wanda zai gaya wa. Ya zauna a bencin tashar metro, jirgi biyu suka wuce shi, sannan ya kira mahaifinsa ya kwashe labarin duka ya faɗa masa. Ya so a yi masa faɗa ko a ba shi haƙuri, ko wanne ne.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. Da ya yi magana, muryarsa cike take da alfahari. "Allah ya yi maka albarka, Haruna. Ashe Masar ba ta ɓata mini kai ba. Haka ɗalibi yake yi."

"Amin, Malam."

"Ga 'yarka nan tana jan rigata. Tun jiya take gaya wa maƙwabta babanta na zuwa ƙarshen wata. Bari in ba ta, ka gaya mata ranar da bakinka."