Kwalliyar Ranar Baƙuwa

Mushe Mourtala, wato Malam Mourtala da Faransanci, ya kira ni buro, ofishinsa, ya rufe ƙofa. Shi ne shugaban ƙaramar ƙungiyar da nake wa aiki, mai dama wa yaran unguwar Dagmanet kunun gero da gyaɗa kowace safiya. Ya ce ƙasashen da ke aiko da taimako sun janye hannu, hatsi ya yi tsada ko'ina, kuma wurare kaɗan ne za su ci gaba da samu. Wata madam za ta zo daga Yamai ta gani da idonta, ta ɗauki hoto, sannan a yanke ko za a rufe mu.

"Sa'adiya, ke ƴar unguwa ce. Ki tara uwayen yara, su zo yadda suke."

Na gaya wa kakata Fulera, wadda ita ke dama kunun tun da aka buɗe wurin. Ta ce to.

Ranar zuwan madam da safe na shiga tsakar gidan da ake dama kunun na tsaya. Matan sun cika shi da zannuwan shuni masu ƙyalli, ga azurfa a wuya, ga lalle, ga kwalli. Habsatu, wadda ɗanta ya rame har wuyansa ba ya riƙe kai sosai, ta aro sarƙa a maƙwabta. An wanke yara an shafe su da mai. A inuwa kuma ga ƙwaryar fura da cuku da dabino. Na san abin da ke gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, don haka na san tuwon daren wasu ne a cikin ƙwaryar.

Mushe Mourtala ya ja ni gefe. "Biki muke yi? Wa zai ga waɗannan ya ce suna jin yunwa? Je ki ce su sauya kaya."

"Ba zan je ba, Mushe."

"Aikinki ma yana ciki."

"Na sani. Ban yi karatun lakwal har jami'a don in ce wa uwayena su sa tsumma a ɗauke su hoto ba."

Madam ta iso. Mutuniyar kirki ce, ta cire takalmi, ta sha fura har ta ƙara. Ta yi ta ɗaukar hoto tana cewa matan suna da kyau. Daga baya ta ce da Faransanci, a hankali, ai nan da sauƙi idan aka kwatanta da inda ta zagaya. Mushe Mourtala ya dube ni.

Na je na durƙusa kusa da Kaka.

"Tsohuwa, zan kai ta gidanmu ta ga tukunya."

"Tukunyata? Ke mai ƙafar makara, a lakwal aka koya miki buɗe wa baƙo tukunya?"

"Tamu kaɗai. Ba zan taɓa ta kowa ba. In ta tafi a haka, rufe wurin za su yi."

Ta dubi Habsatu da yaron da ke cinyarta. Ta daɗe tana gyara bakin zanenta. Sannan ta miƙa mini hannu in tashe ta.

"Ta ɗauki tukunya. Kada ta haɗa da fuskata."

Kaka ce a gaba, tana tafiya kamar mai rakiyar amarya. A gida na buɗe randar gero, ƙasanta kawai ake gani. Na nuna tukunyar da ba ta hau wuta ba tun jiya da rana. Na gaya wa madam cewa mu a nan ba a tarbar baƙo da ƙazanta, ko da mutum ya kwana bai ci ba, kuma furar da ta sha gida-gida aka tara ta. Na ce idan tsumma suke so kafin su yarda, to ba za su samu a Dagmanet ba.

Madam ta rufe baki da hannu. Kaka ba ta jin Faransanci, amma ta gane.

"Kin gaya mata zancen fura ko? Marar kunya. Ce mata ta sha halal ɗinta."

Kafin amsa ta zo, buhun ƙarshe na ƙungiyar ya ƙare. Ba mu kashe wuta ba. Kowace mace ta riƙa zuwa da abin da tafinta ya ɗauka, Kaka tana ƙara ruwa tana ce wa yara kunun birni ne, ba ya kauri.

Da amsar ta zo, ba duka taimakon aka bari ba. Ƙananan yara da masu shayarwa kawai, zuwa lokacin girbi. Ɗan Habsatu yana ciki. Albashina ba ya ciki.

Na ci gaba da zuwa da safe. Kaka ta dube ni ranar farko, ta matsa gefe a bakin murhu.

"Madam mai jami'a, tunda ba ki da buro yanzu, zo ki hura mini wuta. A hankali, kada ki cika wa yara kunu da toka."