Ranar da Mika'ilu Ya Ce Wayyo

Tun da aka sa ranar gwajin masu neman aikin kwana-kwana, Mika'ilu ya hana unguwar Takur sakat. Kullum da safe sai ya haye duwatsun bayan unguwa da buhun gero a kafaɗa, ya sauko yana huci, a ransa kuwa ya riga ya kashe gobarar rabin Dutse. Ana jibi gwaji tsautsayi ya faɗa masa. Ya zame, idon sawunsa na dama ya gurɗe.

Ya gaya wa wani? Ina! Ɗan Baffa Ɗan'inna ne fa, dattijon da ya sha bulalar sharo yana murmushi, wanda bijimi ya taɓa take masa ƙafa ya ƙi zuwa wurin mai ɗori, ga shi har yau yana ɗingishi. A gidansu cewa "wayyo" abin kunya ne. Mika'ilu ya shafa man shanu, ya ɗaure wurin da tsumma, ya cusa ƙafar cikin kambas.

Ranar gwaji fili ya cika maƙil, iyaye da 'yan kallo har kan katanga. Ana busa usur Mika'ilu ya cilla kamar an harbo shi. Ƙafar tana ci masa wuta, shi kuwa sai washe baki yake. Ya iso cikin na gaba-gaba, ya ja tiyo mai nauyi har ƙarshen fili, 'yan Takur suna ihu: "Sai kai, ɗan Baffa!" Daɗi ya cika shi har ya kusa manta ciwon.

Saura gwaji ɗaya, aiki ya zama nasa. Kowa zai saɓa abokinsa a kafaɗa ya hau matakalar bene da shi. Aka haɗa shi da amininsa Ziyad, wanda aka yi sunan 'yarsa ta fari a makon nan.

"Ka riƙe ni da kyau, mutumina," in ji Ziyad yana dariya. "Mai jego tana jira na."

Mika'ilu ya sunkuya ya ɗaga shi, ya taka matakala ta farko. Ƙafar ta lanƙwashe ƙasa-ƙasa, ta dawo. Ya ɗaga kai ya ga tsawon benen, ya dubi simintin da ke ƙasa, tsoro ya kama shi. In ta sake yi a can sama, ba shi kaɗai zai faɗo ba. Ya waiga, ga Baffa a sahun gaba, dogare da sanda.

A hankali ya sauke Ziyad, ya juya wurin Hajiya Zaituna, jami'ar da ke kula da gwajin.

"Ranki ya daɗe, ƙafata. Ba za ta kai shi ba."

Aka kwance tsumman, sai ga idon sawu ya kumbura suntum. Hajiya Zaituna ta riƙe baki.

"Da wannan ka yi gudu? Kai, ba ka da hankali! Wannan ɗiba ta wuce ka. Je ka asibiti, in ka warke ka dawo ta gaba. Ina so in ga fuskarka ranar."

Aikin bai dame shi kamar takun sandar da yake ji tana matsowa ba. Ya sunkuyar da kai, yana jiran faɗa. Baffa ya daɗe yana kallon kumburin, sannan ya dubi tasa ƙafar. Ya miƙa wa Ziyad sandar, ya durƙusa, ya ba ɗansa baya.

"Hau."

"Haba, Baffa! Mutane suna kallo."

"Su kalla. Gurgu ɗaya ya ishi gidan nan."

Filin ya ɓarke da sowa fiye da ta gudu. Baffa ya miƙe da ƙaton ɗansa a baya, ya nufi masu adaidaita sahu yana ɗingishi. Da ƙafar ta bugi ƙofar fili, Mika'ilu ya ce "Wayyo!" da ƙarfi, Baffa kuwa ya gyara masa zama ya ci gaba da tafiya.