Teku Ne Gaba Ko Sama?

Cunkoson motoci ya tsare su a kan gada, babu gaba babu baya. Kawu na riƙe da sitiyari yana fito. Auta kuwa ta ƙanƙame jakar kwamfutarta, gumi na bin bayanta.

Mutumin nan shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, ya kuma ɗauke ta aiki a sashen binciken yanayi da yake shugabanta. A ofis Farfesa ne, a gida Kawu, ita dai duk inda ta juya shi ne. Sunan da ya yi kuwa a kan magana ɗaya ya yi shi: wai idan saman teku ya ɗumama, bayan 'yan watanni iskar ozon, mai tare ƙunar rana can sama da yankin ƙanƙara, sai ta sauya. Teku ne gaba, sama na biye. Har 'yan gidan sun haddace, idan shayi ya yi zafi sai su ce a duba ozon.

To, da safen nan Auta ta buɗe tsohuwar manhajar lissafinsa don haɗa sabon rahoto. Wurin da ake jan watanni baya, ashe alamar ragi aka manta, sai lissafin ya tura su gaba. A ma'auninsu dai, sama ce ta fara motsi, teku ya biyo. Rahoton gobe zai fita, kuma da sunanta a ƙarƙashin nasa. Tsoro take ji, tsoro sosai, don ba ta taɓa ce masa a'a ba ko a kan gishirin miya.

"Auta, yau an ɗinke miki baki ne?" in ji shi.

"Kawu, akwai matsala a jerin watannin nan." Ta dafa jakar kwamfutar. "A juye suke. Ozon ne ke riga teku."

Ya daina fiton. Wani mai babbar mota ya danna oda a bayansu, kamar akwai inda za a je. Ta zaci zai yi faɗa, ko ya ce idonta ne. Da ma faɗan ya yi, da ta samu sauƙi.

"Na sani," ya ce a hankali. "Tun bara na gani."

"Kawu! Ka gani kuma ka bar ni na sa sunana?"

"Da ban sa ki a ciki ba, wani bare zan sa. Shi zai tona ni." Ya juyo ya dube ta, sai ta ga ashe ya tsufa. "Ke kuwa tawa ce."

Motar gabansu ta ɗan matsa. Ya sa giya, ya bi ta.

"Me za mu saya wa Innarki a hanya?" ya tambaya.

"Burodi," ta ce.