Alojen a Falo, Led a Madafa

"Ki gaya masa alojen na ce," in ji Alhaji Badarou ta cikin waya, da ƙarfin da ya sa duk wanda ke shagon ya ji. "Alojen, Hajiya. Kada yaron nan ya cika ki da daɗin baki."

Matarsa, Hajiya Assibi, ta janye wayar daga kunnenta ta dubi Chérif. Yaron da ake magana kuwa ya kusa arba'in, har da furfura a gemu, shi ne mai shagon kayan wuta mafi girma a layin babban masallacin Zongo. Ya yi murmushi ya ci gaba da jera kwalaye a kan kanta, kamar ba da shi ake ba.

"To, Alhaji, na ji. Bari in gani," ta ce, ta kashe wayar.

Gyaran gidansu daga aljihunta ya fito. Abin da ta daɗe tana tarawa daga cinikin atamfa a kasuwar Missèbo ta kwashe, aka ɗaye tsohon rufin da ruwa ya ci, aka yi sabon sili fari tas, aka huda shi jere-jere don ƙananan fitilun nan da ake cusawa ciki, waɗanda ake kira sipot. Mai gyaran wuta na can gida tun safe da tsaninsa, fitilu kawai yake jira. Alhaji bai ce uffan ba a kan fenti, bai ce uffan ba a kan tayil, labule ma ko kallonsa bai yi ba. Sai da aka zo kan fitila ya kafe, kamar a kanta aka ɗaura musu aure.

"Sake yi mini bayani," ta ce wa Chérif, "amma da Hausa. Ka ajiye Faransancin nan naka."

Chérif ya ɗago ƙwan fitila guda biyu, ɗaya a kowane hannu. "Wannan alojen ne. Yana da araha, kuɗin led ɗaya ya saya miki uku, har da canji. Haskensa ja-ja ne, mai kyau a ido. Amma Hajiya, yana shan kuran, wato wutar lantarki, kamar raƙumi a bakin rijiya. Katin da kike sa wa kontarki, mitar wutar nan, ya kai ki ƙarshen wata, da wannan ko rabi ba zai kai ba. Kuma yana mutuwa, kin dawo wurina ke nan. Wannan kuwa led ne. Yau za ki ji zafin sayensa, daga nan kin manta da shi. Ƙila sai an aurar da jikokinki."

"Kai wanne ka fi so in saya?"

"In don cinikina ne, alojen. In don Allah ne, led."

Ita ma led ɗin take so, tun kafin ta hau zem, babur ɗin haya, ta taho. Ita ke sayen katin wuta, ita ta san yadda jar fitilar kontar ke ƙyafta mata ido in ya kusa ƙarewa. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne taurin kan Alhaji. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan titi, yana jan babbar mota daga tashar jirgin ruwa zuwa Malanville, yana kwana ƙarƙashinta da tocila, yaushe ya san bambancin haske ja da fari? Ta dai ɗauka abin na girma ne. Tun da ciwon baya ya sauke shi daga mota, kuɗin gida suka koma fitowa daga hannunta, yakan nemi wani ɗan abu ya tsaya a kai, don a san har yanzu akwai maigida.

"Kawo hannunki," in ji Chérif. Ya kunna alojen ɗin da ke maƙale a allon gwaji. "Kada ki taɓa, matso dai."

Ta miƙa tafin hannu. Ba a jima ba ta janye da sauri tana yarfewa. "Wannan fitila ce ko murhu?"

"Guda ɗaya ke nan. Ki ƙiyasta su cike da silin falo, ga zafin Cotonou, ga gumi. Wallahi Hajiya, ba mai iya zama ƙarƙashinsu ya gama shan shayi."

Assibi ta dubi fitilar, ta dubi tafinta, ta sake duban fitilar.

Falonta ba nata ba ne, abin da kowa a unguwa ya sani ke nan. Tun da Alhaji ya daina tafiya, majalisar tsofaffin direbobi ta taso daga gindin bishiyar bakin tasha ta tare a ciki. Malam Karimou ne shugabansu, dogo, mai murya kamar hon ɗin tirela, wanda ya koya wa Alhaji tuƙi tun suna samari. Sai Boureima, wanda ba ya magana sai tauna. Suna isowa kafin magariba, su yi salla, su ci tuwo, su yi gardamar ƙwallo da ta siyasar ƙasashe uku. Ita kuwa da ta sayi kujerun, rabonta da zama a kansu har ta manta. Ta taɓa yi wa Alhaji ƙorafi sau ɗaya, ya ce, "Karimou fa? Mutumin da ya ɗauko ni a kafaɗa ranar da mota ta kife da ni?" Daga ranar ba ta sake ba.

"Ka ce ba mai iya gama shayi?" ta tambaya a hankali.

"Sai dai mai taurin rai."

Ta ciro waya ta kira. Muryarta ta yi laushi kamar ta amarya. "Alhaji, na yi tunani. Gaskiyarka ce. Falo wurin maza ne, abin da ka ce shi za a yi. Alojen za a sa. Ni dai ka bar ni in sa led a madafa da ɗakuna."

Can ɓangaren Alhaji ya ce, "Kin yarda?"

"Na yarda mana. Wa ya fi ka sanin fitila?"

"Madalla," in ji Alhaji, da wani irin farin ciki da ya fi ƙarfin maganar. "Ki ce ya ba ki masu ƙarfin. Mafi ƙarfin da yake da su."

Chérif ya naɗe mata kayan yana girgiza kai. "Hajiya, ni dai na faɗa miki gaskiya."

"Ka faɗa, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Ba ka san amfanin da ka yi mini ba."

Kafin la'asar sakaliya mai gyaran wuta ya gama ya tafi. Da aka idar da magariba majalisa ta hallara, kowa na yaba sabon sili. Alhaji ya miƙe da kansa, ya gyara hula, ya danna makunni. Falo ya ɗauki haske ruwan zinariya, kujeru suka yi kyau, hoton Ka'aba na bango ya yi ƙyalli.

"Kai!" in ji Malam Karimou. "Badarou, ka mai da gidanka otal."

Assibi ta kai musu tuwon masara da miyar kuɓewa da soyayyen kifi, ta ƙara yaji fiye da kullum, ta koma madafa ta bar ƙofa a ɗan buɗe. Daga inda take zaune tana hango rabin falon. Ba a ci rabin tuwo ba Boureima ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Can sai ya kama fifita da murfin kwano. Wani ya tashi ya ƙara gudun fanka, fankar ta kwaso zafin sama ta watsa musu a ka. Gumi ya jiƙa bayan rigar Malam Karimou har ta manne. Gardamar ƙwallo ta yi sanyi, ta mutu. Assibi ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

Malam Karimou ya miƙe tsaye. Ta ce a ranta, Alhamdu lillahi, ya nufi takalmansa. Sai ta ga ya wuce takalman, ya miƙa dogon hannunsa ya danna makunni. Falo ya yi duhu, sai hasken talabijin.

"Yauwa," ya ce, ya koma ya baje a kujera. "Mu da muka san fuskokin juna tun muna yaran mota, me za mu kalla? Boureima, miƙo kifin nan."

Gardama ta farfaɗo, ta fi ta jiya ƙarfi.

Tana nan zaune ta zuba tagumi sai ga Alhaji ya shigo madafa, wurin da ba ya taka ƙafa sai in zai nemi ashana. Ya tsaya ƙarƙashin farin hasken, yana share wuya da hankici. Ya jawo 'yar kujera ya zauna a gefenta, ya yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"A ofishin wani mai sayar da taya na ga irin fitilun nan, can Vêdoko," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na je karɓar saƙo. Wallahi ko gaisuwa ban gama ba na fito don zafi. Na ce to, ga abin da zai yi mini aiki ba tare da na buɗe baki ba."

Assibi ta juyo ta dube shi sosai. "Alhaji. Kai ma?"

"Ni ma me?" Ya dube ta, ya dubi kwanon yajin da ta kusa ƙararwa, ya sake dubanta. Bakinsa ya buɗe a hankali. "Au! Shi ya sa kika ce wa ya fi ni sanin fitila?"

Dariya ta ƙwace musu gaba ɗaya, suna danne ta kada a ji, shi yana riƙe da baya yana cewa wayyo, ita tana share hawaye. Da ta lafa, ya ce, "Ina son Karimou, Allah ya sani. Amma Hajiya, kullum? Labarin gadar da ta karye da shi na ji shi har na fi shi iyawa."

Ta ɗauko kwano ta zuba masa tuwo, ta zaɓo masa tsakiyar kifin da ta ɓoye wa kanta. Suka sa hannu tare. Ya kai loma ta biyu ke nan muryar Malam Karimou ta taso daga duhun falo.

"Badarou! Mun yi shawara. An cuce ka a fitilun nan. Gobe za mu haɗa kuɗi mu sayo maka led, mai sanyi, mu sa a canza. Ba za mu zuba ido ka ƙone a gidanka ba."

"Allah ya saka da alheri!" Alhaji ya amsa da ƙarfi.

Assibi ta sauke murya. "In suka sayi fitila, falon ya zama nasu ke nan."

Alhaji ya gutsuri kifi, ya cire ƙaya a nutse.

"Da can na wa ne?" ya ce. "Matso da miyar nan."