Bakwai a Hannun Mati

Shekara arba'in Mudi da Mati suna buga karta a gindin mangwaron ƙofar gidan Mati a Kafur, kullum bayan la'asar, in an taso daga gona. Ba caca ba ce, ko goro ba sa sawa. Mati ne ya koya masa, shi ne kuma yake cinye shi, don mutumin ba ya da kunya a kan tabarma.

Yanzu tsufa ya rikita Mati. 'Yarsa Maijidda ta zo da mota za ta tafi da shi Funtua.

"Baba Mudi, ko ni bai gane ba," ta ce.

"Ke dai bar ni da shi. In ya gane karta, ya gane ni. Sai ki bar mini shi."

Ta yarda, don ta ga idonsa ya kawo ruwa.

Wasan ba wuya. Biyar ta ci biyar, tara ta ci tara. In ƙananan da ke ƙasa suka haɗu suka kai lambar da ke hannunka, ka kwashe su gaba ɗaya. Nan Mati ya fi kowa mugunta. Ko kusa ba ya barin uku da huɗu su kwana a ƙasa, sai ya maka bakwai da ƙarfi har kaji su watse.

To, yau Mudi ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi maguɗi. Ya saka bakwai a cikin rabon Mati, ya ajiye uku da huɗu a gabansa, ya zauna yana jira.

Mati ya daɗe yana kallo. Ya zaro bakwai ɗin, ya ajiye ta a hankali kusa da su. Bai kwashe ba.

"Malam, yaya ake yin ta?"

Wallahi gara a ce marin Mudi ya yi. Mudi ya shiga koya masa da kalmomin da shi Mati ya koya masa a da: uku da huɗu, nawa ke nan?

Mati ya yi murmushi. "Ina da aboki, Mudi. Kullum sai na cinye shi, amma kullum sai ya dawo. Kwana biyu bai zo ba."

Mudi ya tattara kartar, ya zura masa a aljihu.

"Maijidda," ya ce, "buɗe masa motar."