Agogon Da Ya Cuci Mutum Huɗu

Da 'yan damfara suka sayar wa mutanen unguwa agogunan jabu da sunan na zinare, sai aka kafa asusun taimaka wa waɗanda aka cuta. Sharaɗin ɗaya ne: duk mai neman kaso ya kai agogonsa shagon mai gyaran agogo, a buɗe a tabbatar jabu ne.

Shi kuwa mai gyaran yana da wata ɗabi'a tun yana koyon sana'a. Duk agogon da ya buɗe, sai ya yi ɗan karce da tsinin allura a cikin murfinsa, inda ba mai lura.

Agogon wani direba ya fara buɗewa, ya karce shi. Da wani mai aski ya miƙo nasa yana share ƙwalla, sai ga karce ɗaya a ciki. Ya dubi ƙwallar nan da kyau, ya ƙara karce na biyu. A na wani tela, biyu ya tarar, ya ƙara na uku. Wato agogo ɗaya ke yawo hannu zuwa hannu, ana wawure abin da talakawa suka tara da guminsu. Ya rantse a ransa duk wanda ya sake kawo shi sai ya tona masa asiri a bainar jama'a.

Sai ga surukinsa, mahaifin matarsa, ya shigo yana dogara sanda.

"Ɗana, duba mini wannan. Sun gama da ni."

Mai gyara ya russuna ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe murfin, karce uku na kallonsa. Tsohon ya mayar da idonsa kan rufin shago.

"Jabu ne, Baba," in ji mai gyara, ya ƙara karce na huɗu.