Maɗaurin da Ya Saki

A masana'antar hular kwano akwai wata matashiya, ita ce mai duba kaya kafin a loda su a mota, shi ya sa ma'aikata suke kiranta Hana-Fita. Yayanta ma, wanda ke kan keken ɗinka maɗaurin hula, da sunan yake tsokanarta.

Cikin kowace hula dubu takan zari hamsin daga kwalaye daban-daban, wata daga sama, wata daga can ƙasa, ta sa maɗaurin a injin ja don gwada ƙarfinsa. A da, ko biyu sun tsinke ana sallamar kayan. Bana mai saye ya ce ko ɗaya bai yarda ba.

Ran nan ɗinkin wata hula ya saki. Ta duba kwalin, ta ga daga keken Yaya ta fito. Ta liƙa jar takarda a kan kayan gaba ɗaya, alamar ba za su fita ba.

Yaya ya zo yana goge hannu da tsumma.

"Ƙanwata, ɗaya ce fa. Arba'in da tara lafiya lau."

"Ɗaya cikin waɗanda na taɓa, Yaya. Waɗanda ban buɗe ba fa?"

"Direba har ya tada mota."

"Sai ya kashe. Mai babur ba hamsin zai saya ba. Kansa ɗaya, hularsa ɗaya."

Ya karɓi hular yana jujjuyawa, ya ja zaren da farce, zaren ya tsinke ba gardama. Fuskarsa ta canja.

"Ke dai da taurin kan nan naki ko hula ba kya buƙata," ya ce. Ya jawo benci ya zauna kusa da ita.

Suka bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Aka sami ƙarin sha bakwai, duka a kwalaye biyu da ke jere. Nan Yaya ya tuna ya sauya zare da hantsi, ya ɗauko wani ƙunshi daga gindin taga. Da aka duba, ashe ruwa ya daɗe yana ɗiga a kansa, zaren ya ruɓe. Shi da kansa ya warware ɗinkin ya sake. Mota ba ta tashi ba sai washegari.

A gida Inna ta tambayi abin da ya tsare su.

"Tambayi 'yarki, Inna. Ɗinki sau biyu ta sa ni."

"Madalla," in ji Inna. "Kana yaro ma, in na sa ka wanke-wanke, sai na mayar da kai sau biyu kafin kwano ya fita."